Ƙidayar malam-buɗe-littafi: Ma'aunin da ke nuna lafiyar daji

A ƙasar Hausa suna ɗaya ake kiran su da shi, malam-buɗe-littafi, ko fari ne, ko ja, ko mai ɗigo-ɗigo. Amma a wajen masana ƙwari, Afirka ta Yamma kaɗai na da kusan iri 1,500, kowanne da sunansa da ganyen da tsutsarsa ke ci.

Wanda ya yi fice wajen tattara wannan jeri shi ne Torben Larsen, ɗan ƙasar Denmark. Ya shafe shekaru yana ratsa dazukan Ghana da Najeriya, yana kuma bincika samfuran da aka adana a gidajen tarihin Turai, kafin ya fitar da littafinsa mai juzu'i biyu, Butterflies of West Africa, a 2005. Ya rasu a 2015.

Aikin na buƙatar haƙuri. Mai bincike kan kama wasu da raga, wasu kuma da ba sa sauka a kan fure sai ya rataya musu tarko da ruɓaɓɓiyar ayaba. Duk wanda aka kama, ana rubuta wuri da rana. Dole kuma a koma daji ɗaya da damina da rani, domin wasu na sauya kama. Irin da ake kira Precis octavia, alal misali, ja-ja ne da damina, shuɗi mai duhu da rani, har masanan farko suka ɗauka iri biyu ne.

Da irin wannan ƙidaya aka gano cewa tsaunukan Oban da ke gandun dajin Kuros Riba na da kusan iri 1,000, abin da ya sa suke cikin wuraren da suka fi arzikin waɗannan ƙwari a Afirka. Dajin Bobiri kusa da Kumasi kuwa na da kimanin 400.

Arewa ba ta kai kurmi yawan iri ba, amma tana da baƙinta. Vanessa cardui kan taso daga Turai, ya ƙetare hamadar Sahara, ya iso yankin Sahel a ƙarshen damina ya hayayyafa.

Amfanin jerin ya wuce sanin suna. Tsutsar iri da yawa ganyen wasu 'yan tsirrai kawai take ci, don haka idan aka sare dajin domin gawayi ko noma, irin kan ɓace tare da tsiron. Idan akwai tsohon jeri, sabuwar ƙidaya za ta nuna wane ne ya rage, wane ne ya tafi, masu kula da gandun daji su samu hujjar kare abin da ya saura. Dajin da ba a taɓa ƙidaya ba kuwa, ko ya yi asarar rabin ƙwarinsa, babu takardar da za ta shaida.