Furen popi a Gidan Kwano: Shukar da ke gudun damina, take jiran hunturu

Duk wanda ya bi hanyar Minna zuwa Bida a tsakiyar watan Nuwamba, ya iso Gidan Kwano, zai tarar da alamun cewa damina ta yi sallama. Ciyawar bakin hanya ta fara komawa ruwan ƙasa, hazo ya fara rufe duwatsu da safe, manoma kuma sun duƙufa ga aikin kaka. A irin wannan lokaci ne mafi yawan masu ɗan lambu a tsakar gida kan jingine fartanya, su ce sai baɗi in Allah Ya kai mu. Amma akwai wani fure da lokacin shukarsa ke kamawa daidai sa'ad da kowa ke nannaɗe hannun riga, shi ne furen popi.

Gidan Kwano, da ke Ƙaramar Hukumar Bosso a Jihar Neja, ya bunƙasa ne albarkacin babban mazaunin Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983. Gidajen malamai da na ma'aikata da ɗakunan kwanan ɗalibai sun mamaye wuraren da a da gonaki ne, kuma kusan kowane sabon gida yana da ɗan filin da mai shi ke sha'awar ƙawatawa. Sayen irin furanni ta intanet ya zama abu mai sauƙi, hoton jan furen popi da ke jikin takardar irin kuwa yana da jan hankali. Matsalar ita ce, umarnin da aka rubuta a bayan takardar an yi shi ne domin mazauna Turai da Amurka. Wanda ya bi shi sau da ƙafa a Minna, da wuya ya ga fure ko ɗaya.

Tarkon da ke cikin kalmar "bazara"

Takardun irin popi kan ce a shuka shi a lokacin da ke biyo bayan sanyin ƙanƙara, wato watannin Maris da Afrilu a can Turai. Sau da yawa akan fassara sunan wannan lokaci zuwa Hausa da kalmar "bazara". A nan ne kuskuren yake farawa. A Ingila watan Maris lokaci ne na sanyi-sanyi da laima. A Minna kuwa shi ne tsakiyar zafi, lokacin da ma'aunin zafi kan doshi digiri 40 da rana. Irin popi ya fi tsirowa idan zafin ƙasa yana wajen digiri 13 zuwa 18. Idan ƙasa ta yi zafi fiye da kima, ƙwayar takan kwanta ta ƙi motsi, wadda ta yi ƙarfin halin tsirowa kuma rana ta ƙone ta cikin 'yan kwanaki.

Damina ma ba ta fi ba. Minna na samun ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba. Ruwa mai ƙarfi kan wanke ƙananan ƙwayoyin irin ko ya binne su, yawan danshi kuma kan ruɓar da wuyan tsiron.

Abin da ya rage shi ne hunturu. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Fabrairu dare kan yi sanyi, a wasu ranakun Disamba da Janairu zafi kan sauka ƙasa da digiri 20, iska kuma a bushe take. Wannan 'yar ƙofa ce kaɗai yanayin Minna ya buɗe wa popi. Gaskiyar magana, Minna tana bakin iyaka ne. Sanyinta bai kai na Zariya ko Kano ba, balle na Jos da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200. Don haka mai shuka a Gidan Kwano ba shi da makon da zai yi wasa da shi. Daga shuka zuwa fure akan ɗauki mako 10 zuwa 12, wanda ke nufin irin da aka zuba a tsakiyar Nuwamba zai yi fure a ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu, kafin bazara ta zo ta tashi kasuwar. Wanda ya bari sai Janairu ya shuka, ya makara.

San abin da za ka shuka

Kafin a kai ga batun ƙasa da ruwa, akwai batun doka. Sunan popi ya ƙunshi tsirrai da dama, kuma kama da wane ba ta wane. Ɗaya daga cikinsu, wanda masana ke kira Papaver somniferum, daga nonon ƙwansonsa ake samun ofiyom, tushen mofin da hodar heroyin. Shi ne gwamnatin Taliban ta haramta nomansa a Afganistan a watan Afrilun 2022. A Najeriya ma, dokar da ta kafa Hukumar Hana Sha da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi, NDLEA, a 1989 ta sanya noman wannan tsiro domin samar da ƙwaya cikin manyan laifuka, tare da tabar wiwi da ganyen koka. Masu sayar da iri a ƙasashen waje kan sayar da shi a matsayin furen ado da sunaye masu daɗin ji, domin dokokin wasu ƙasashen sun yi sassauci a kan hakan. Mai hankali ba zai jefa kansa cikin dogon bayani da jami'an tsaro saboda fure ba. A duba sunan kimiyya da ke jikin takardar, in an ga kalmar somniferum a bar shi inda yake. Ana kuma gane shi da ganyensa mai santsi, mai launin toka-toka, wanda ke rungume da kara. Haka nan, shigo da iri daga waje yana buƙatar izinin Hukumar Killace Kayan Gona ta Najeriya, NAQS, don haka sayen iri a hannun amintattun dillalai na cikin gida ya fi kwanciyar hankali.

Nau'i biyu ne suka dace da lambun gida. Na farko shi ne Papaver rhoeas, jan popin gonakin alkama na Turai, mai kara da gashi-gashi da ganye a tsattsage. Daga gare shi aka samo nau'in Shirley, wanda wani limamin coci a Ingila, William Wilks, ya fara zaɓowa a 1880 bayan ya ga wani fure mai farin baki a gefen lambunsa, ya yi ta tace irinsa shekara da shekaru har aka samu fari da ruwan hoda da masu gauraye. Na biyu shi ne popin Kalifoniya, Eschscholzia californica, mai launin ruwan lemo da rawaya, wanda jihar Kalifoniya ta Amurka ta ayyana a matsayin furenta a 1903. Wannan ya fi jure zafi da ƙarancin ruwa, don haka sabon shiga a Minna ya fi kyau ya fara da shi.

Akwai kuma ɗan uwansu da ya daɗe da zama ɗan gida a ƙasar Hausa, wato ƙwarƙoro, wanda wasu ke kira haƙorin kada. Asalinsa daga yankin Meziko ne, yana da ganye mai ƙaya, fure rawaya da nono rawaya, kuma yakan fito da kansa a kan juji da bakin rafi a lokacin rani. Fitowarsa da rani shaida ce a kan lokacin da wannan dangi ya fi so a ƙasarmu. Sai dai ƙwayarsa guba ce. A 1998, man girkin da aka gurɓata da man ƙwarƙoro ya kwantar da mutum kusan 3,000 a birnin Delhi na Indiya, fiye da 60 suka rasu. Gidan da ke da yara ƙanana ko dabbobi bai kamata ya bar shi ya yi iri a tsakar gida ba.

Darasi daga fagen yaƙi

Jan popi ya yi suna a duniya ne sakamakon Yaƙin Duniya na Ɗaya. A filayen Flanders na ƙasar Beljiyam, inda bama-bamai da haƙar ramuka suka birkice ƙasa, furen ya fito ya rufe fagen daga da maƙabartu, har ya zama alamar tunawa da sojojin da suka kwanta dama, wadda ake maƙalawa a ƙirji duk ranar 11 ga Nuwamba. Najeriya ma a wannan rana take bikin a da, kafin a mayar da shi 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970.

Ga mai lambu, akwai ilimi a cikin wannan tarihi. Ƙwayar popi na iya kwanciya a cikin ƙasa shekaru masu yawa ba ta mutu ba, ba ta kuma tsiro ba, sai ranar da aka motsa ƙasar ta fito sarari ta ga haske. Ke nan irin yana buƙatar abu biyu: ƙasa mai laushi da aka kaftu, da kuma haske. Wanda ya haƙa rami ya binne shi kamar masara, ya binne kuɗinsa ne.

Yadda ake shukar

A zaɓi wurin da ke samun ranar safe, wanda katanga ko bishiya ke yi wa inuwa daga azahar zuwa la'asar. A Turai ana son popi ya sha rana yini guda, amma ranar Minna ta fi ƙarfinsa. A kaftu ƙasar, a tsince duwatsu da ɓaraguzan gini da suka zama ruwan dare a sababbin gidaje, a farfasa hoge har ta yi laushi. Idan ƙasar mai danƙo ce, a gauraya ta da rairayi domin ruwa ya riƙa wucewa. Ɗan ruɓaɓɓen takin gargajiya ya wadatar. Yawan taki, musamman na zamani, yakan sa shukar ta yi ganye ta hana fure.

Ƙwayar popi ƙarama ce ƙwarai, don haka a yi mata dabarar da manoman riɗi ke yi: a gauraya awo ɗaya na iri da awo huɗu ko biyar na busasshen rairayi, sannan a watsa. A jiƙa fangalin tun da yamma, a watsa irin bayan faɗuwar rana, a danna shi da tafin hannu ko faffaɗan katako domin ya manne da ƙasa, kada a rufe shi. Yana da kyau a raba irin kashi uku, a riƙa shuka kashi ɗaya duk bayan kwana 10. Idan zafi ya ci na farko, sanyi zai tarbi na biyu ko na uku.

A shuka shi a inda ake son ya zauna. Popi yana da doguwar saiwa guda mai nutsawa ƙasa, kuma ba ya son dashe. Wanda ba shi da fili yana iya amfani da tukunya ko bokiti mai zurfin aƙalla santimita 25 da aka huda ƙasansa. Tukunyar ƙasa ta fi ta roba, domin takan sanyaya saiwa kamar yadda randa ke sanyaya ruwa.

Makonni ukun farko su ne masu wuya. Iskar hunturu kan busar da saman ƙasa cikin sa'o'i kaɗan, kuma ƙwayar da ta fara tsaga, in ta bushe sau ɗaya ta mutu ke nan. A riƙa yayyafi safe da yamma da buta mai ƙananan huji, kada a kwara ruwa da bokiti. Ana iya ɗaga 'yar rumfar ciyawa sama-sama yadda masu renon albasa da tumatir ke yi, wadda haske ke ratsawa, a cire ta da zarar tsiro ya bayyana, yawanci tsakanin kwana 7 zuwa 21. Tururuwa kan kwashe iri, kaji kuma kan tone fangali cikin minti kaɗan, don haka a kewaye wurin da zana ko raga.

Idan tsiron ya yi ganye huɗu zuwa shida, sai a rage shi, a bar tazarar santimita 15 zuwa 20 tsakanin kowanne. Mutane da yawa kan ji tausayin cire tsiron da suka sha wahala a kansa, amma cunkoso kan haifar da siraran kara da ƙananan furanni. Daga nan a rage ban-ruwa zuwa sau ɗaya a yini ko bayan kwana biyu, gwargwadon yadda ƙasa ke bushewa, a riƙa zubawa a gindi.

Fure da ajiyar iri

Tohon jan popi kan fito da kai a sunkuye, sai ranar da zai buɗe ya miƙe. Fallayensa sirara ne kamar takardar da aka cukuikuye, kuma kowane fure kwana ɗaya ko biyu yake yi ya zube. Abin da ke riƙe da kyan fangalin shi ne yawan toho, domin gindi ɗaya kan yi ta fitar da sabbi makonni da dama idan ana tsinke waɗanda suka zube kafin su yi ƙwanso. Ƙudan zuma kan yi dafifi a kansa da sassafe domin garin furen, abin da ke amfanar kabewa ko kokwamba da ke kusa.

Idan zafi ya fara tsananta a ƙarshen Fabrairu, a bar furannin ƙarshe su yi ƙwanso. Ƙwanson jan popi, in ya bushe, ƙananan ƙofofi kan buɗe a ƙarƙashin hularsa, irin ya riƙa zubowa kamar gishiri daga kwalba. Na Kalifoniya kuwa dogo ne, kuma fashewa yake yi ya watsar da iri, don haka a cire shi da zarar ya fara sauya launi. A shanya a inuwa, a zuba a takarda, a saka cikin kwalba mai murfi, a ajiye a wuri mai sanyi. Danshin damina shi ne babban abokin gabar irin da aka adana. A kuma riƙa zaɓen iri daga gindin da ya fi jure zafi, kamar yadda Wilks ya yi da launi, domin a hankali a samu wanda ya fi sabawa da yanayin wurin.

Da damina, fangalin ba zai zauna haka nan ba. Furanni irin su ziniya da kosmos suna son zafi da ruwa, za su riƙe wurin har Oktoba. Idan ruwa ya ɗauke, hazo ya sake sauka a kan hanyar Bida, sai a ɗauko kwalbar, a nemo rairayi.