Hana Leda Ba Ya Kwashe Bola: Darasi Daga Ainu Shams

Tun da taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan sharar roba ya watse a Janeba cikin watan Agustan 2025 ba tare da matsaya ba, ga shi kuma Legas ta haramta wasu nau'o'in leda da kofunan roba tun Yulin shekarar, sai bakin mutanenmu ya zo ɗaya: a hana leda kowa ya huta. Wannan gajen tunani ne. Harkar roba tana da masu ƙerawa, tana da masu tsincewa, amma mahukunta na farkon kawai suke kallo.

Daga ɗanyen mai da iskar gas ake samo roba. A 1907 Leo Baekeland ya haɗa ta farko da ba ta da asali a bishiya ko dabba, a 1933 kuma kamfanin ICI na Ingila ya gano sinadarin da ake yin leda da shi. Duniya ta ƙera tan miliyan 2 a 1950. Yau abin ya haura miliyan 400 a shekara, wanda ake sake sarrafawa kuwa bai kai kashi 10 cikin ɗari ba.

To, su wa ke yin wannan ɗan kaɗan ɗin? Ɗalibanmu na Alƙahira sun san unguwar Ainu Shams. Wanda ya hau jirgin ƙasa na cikin gari ya wuce tasharta, tasha ta gaba ita ce Izbatun Nakhal, ɗaya daga matsugunan Zabbalin, masu kwasar sharar birnin. Yawancinsu Kiristoci Kibɗawa ne da iyayensu suka taso daga kudancin Masar tun wajen shekarun 1940. Maza su bi gida-gida da asuba su kwaso, mata su zauna su ware: gorar ruwa daban, fasasshen bokiti daban, leda daban. A wanke, a niƙa, a narka ta koma ƙwayoyi kamar tsabar shinkafa, sannan masana'antu su saya su yi tiyo, maratayin tufafi da baƙar leda. An sha ƙiyasta cewa kusan kashi 80 na abin da suka kwaso ba ya komawa juji.

Ba haka kawai suka kai nan ba. A 1971 wata mai hidimar coci, Sista Emmanuelle, ta tare a Izbatun Nakhal, aka fara samun makaranta da ɗakin shan magani. A shekarun 1980 kuma aka ba Zabbalin na Manshiyat Nasir, wani matsugunin nasu, rancen sayen injinan niƙa roba. Wannan rance shi ne ya mai da mai tsinta mai masana'anta, kuma shi ne tarihin da ba a koyarwa.

Sai ga 2003, gwamnati ta damƙa sharar Alƙahira ga kamfanonin Sifaniya da Italiya, aka ɗora kuɗin a takardar wutar lantarki, aka buƙaci su sake sarrafa kashi 20 kacal. A 2009 aka karkashe aladun Zabbalin da ke cinye ragowar abinci saboda tsoron murar aladu. Shara ta cika tituna. Daga baya dole hukuma ta dawo tana yi wa ƙungiyoyin Zabbalin rajista.

Ba na cewa rayuwarsu abin sha'awa ce. Akwai hayaƙi mai guba, akwai ciwon hanta daga alluran asibiti, akwai yaran da ya kamata a ce suna aji. Amma gyara aka yi musu suka ci gaba, kora kuwa birnin ta cutar.

Mu fa? A Janairun 2025 Abuja ta hana baban bola yawo cikin gari. Na'am, akwai ɓata-gari masu cire murfin kwalbati, a kama su. Amma 'yan jari-bola na Kano su ne ke ciyar da injinan Sharaɗa da Bompai, su ke rage abin da zai toshe magudanai da damina. Gwamnatocinmu su yi musu rajista, su ware musu fili, su ba su rancen inji da safar hannu, su cire yara daga juji. Ku kuma masu gida, ku ware roba daga sauran shara kafin a zo kwasa.