Lambar Waya Ta Sana'a: Wa Zai Biya Kuɗin Kira?

Yau zancenmu a kan wayar tarho ne, watau yadda mace mai 'yar sana'a a cikin gida za ta sami lambar da masu ciniki za su riƙa nemanta da ita. Abin da ya jawo zancen kuwa, wani abu ne da ya sami gwaggona kwanan baya.

Gwaggon nan tawa ta yi suna wajen alkaki da nakiya da dubulan. Ba ta fita, amma a unguwarsu da wuya a kai garar amarya ba da hannunta a ciki ba. Lambar maigidanta ta ke ba mutane. Ran nan ya yi tafiyar kwana shida, sai wata mata ta kira tana son alkaki na bikin 'yarta. Ya ce zai faɗa, hidimar hanya ta sa ya manta. Kafin ya komo an ba wata aikin. Gwaggo ta ji zafin abin, ta sa aka buga lambarta ta kanta a jikin robobin da ta ke zuba kaya. Ba a yi mako biyu ba sai ga waɗansu marasa aikin yi suna kira da tsakar dare, ba kuwa alkaki su ke nema ba. Maigida ya ɓata rai, har sana'ar ta so ta tsaya.

Da na je gaishe ta sai ta ce mini, "Ke da ki ka yi karatu, an ce akwai wata lamba ta kyauta irin ta manyan kamfanoni. Ki samo mini." To, ga abin da na gaya mata, na kuma ga ya kamata ku ma ku ji.

Lamba mai gari da marar gari

A da, zamanin wayar tebur, kowace lamba tana ɗauke da shaidar garinta. In an ga 064 an san Kano ce, 062 Kaduna, 069 Zariya. Wanda ya bar garin ya bar lambarsa. Amma akwai waɗansu lambobi da ba su da gari, an yi su musamman domin 'yan kasuwa da ma'aikatu. A Nijeriya iri biyu ne sanannu: mai farawa da 0800, da mai farawa da 0700. Ku lura, ba ɗaya su ke da layukan salula irin su 0803 ko 0703 ba, ko da ya ke sun yi kama.

Mai 0800 ita a ke ce wa ta kyauta, gama wanda ya kira ba a cire masa ko kwabo. Kamfanin AT&T ne ya fito da irinta a Amurka cikin 1967, Ingila ta bi a 1985. Mai 0700 kuwa, wanda ya kira shi ke biyan kuɗin kiransa, ke naki kuɗin riƙon lambar ne.

Lambar nan ba kati ba ce da za ki sa a waya. Tana wurin kamfanin da ya ba ki, shi ne zai riƙa juyo kiran zuwa wayarki ta kullum. Amfaninta ke nan. Mai kira bai san lambarki ta ainihi ba. In an sace wayarki, ko kin koma wani gari, sai a juya kiran zuwa sabuwar waya, lambar da ke jikin kayanki ba ta sake ba. Ana iya juya shi ga ƙanenki ran da ba ki da lafiya, ko a tsare shi in dare ya yi. Har wa yau ana iya zaɓen lambar da za ta rubuta suna, domin kowane maɓalli daga 2 zuwa 9 yana da baƙaƙensa: 2 shi ne A, B, C, 3 kuwa D, E, F, haka har ƙarshe.

Banza ba ta kai zomo kasuwa

Yanzu sai mu zo kan kalmar nan "kyauta", wadda ta ruɗi gwaggo. Kyauta ce ga mai kira kaɗai. Kowane minti da ya yi yana magana, ke a ke rubuta wa. Mu yi lissafi irin na aji. Mu ƙaddara minti ɗaya naira 20 ne, wannan misali ne kawai, ba farashin wani kamfani ba. Mutum 15 sun kira ki a yini, kowanne ya yi minti 4. Minti 60 ke nan, watau naira 1,200. A kwana 30 ya zama naira 36,000, ban da kuɗin riƙon lambar. To, alkaki nawa za ki sayar kafin ribarsa ta kai haka?

Kun kuwa san halinmu. Ba a shiga ciniki sai an gaisa, an tambayi yara da maigida da gajiyar biki. In mace ta san ba katinta ke ƙonewa ba, ai sai hira. Ga kuma mai tambayar farashi kawai, da yaron da ya ɗauki wayar uwarsa yana wasa. Duk ke za ki biya. Banki ko kamfanin da ke da dubban masu hulɗa ya iya ɗaukar wannan. Hukuma ma tana yi domin amfanin jama'a, kamar 112 ta neman agajin gaggawa, da 622 ta kai ƙarar kamfanonin waya. Mai tuya a tsakar gida kuwa, tilas ta auna.

Abin dariya ma, tun da salula ta zo ƙasar nan a 2001 mu ke da tamu lambar kyautar. Mai ciniki ya yi miki filashin, ke ki kira shi. Ke ki ka biya, amma ke ki ka zaɓi wanda za ki kira, ke kuma za ki katse.

Shawarata

Na fari, ki raba layin sana'a da na zumunci. Ki sayi layi na biyu, ki yi masa rajista da sunanki da lambarki ta zama ɗan ƙasa, wadda aka wajabta haɗawa da layi tun ƙarshen 2020. Kada ki yarda a yi da sunan wani, ko da ɗan'uwa ne, domin ran da layin ya ɓace mai sunan kaɗai zai iya karɓo shi. Ki yi shawara da maigida tun farko, ku yanka lokacin amsa kira, ki rubuta shi kusa da lambar. In lokacin ya wuce ki kashe. Wannan ya ishi yawancinmu, shi kuwa gwaggo ta yi, gida ya zauna lafiya.

Na biyu, in sana'a ta bunƙasa, kina aika kaya garuruwa, kina da masu taimako biyu ko uku, sa'an nan ki nemi 0700. Mai 0800 sai ran da littafin lissafinki ya nuna riba za ta ɗauke ta.

Na uku, in za ki nema, ki nufi kamfanin da ke da lasisin Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC. Galibi za su so shaidarki da takardar rajistar sana'a ta hukumar CAC. Kafin ki sa hannu ki yi tambaya huɗu, a ba ki amsa a rubuce. Nawa ne kuɗin buɗewa da na wata ko shekara? Kira yana shiga daga kowane layi? Lambar tana karɓar saƙo da WhatsApp, ko murya kaɗai? In kin makara wajen biya, kwana nawa za a jira kafin a ba wani lambarki? Ta ƙarshen nan ita ce babba, gama lambar da ki ka shekara kina yaɗawa dukiya ce.

Ku kuma 'yan makaranta, ga naku aikin. Ku samo wa iyayenku littafi, ku riƙa rubuta wanda ya kira, da abin da ya saya, da kuɗin katin da aka kashe. A ajina na sha ganin kujerar yarinya ba kowa domin an ɗora mata talla. In waya ta kawo mai saye har ƙofar gida, tiren talla sai ya huta, yarinya ta zo makaranta a kan lokaci.

Wadda ta gwada ɗaya daga lambobin nan ta rubuto mana yadda ta ƙare da ita, domin 'yan'uwa su ƙaru. Allah ya sa albarka a sana'armu, amin. Sai mako mai zuwa.