Rile: Mai Gadin Layin Lantarki

Idan wayoyin lantarki biyu suka haɗu, ko reshen itace ya taɓa waya, wuta takan kwarara fiye da kima. Nan take waya tana iya narkewa, taransifoma ta ƙone. Don hana wannan ɓarna ake sa wata na'ura mai suna rile a tashoshin wuta.

Rile ba ya yanke wuta da kansa. Aikinsa auna wutar da ke bin layi. Da zarar ta wuce iyaka, sai ya umarci makatsi ya raba layin da sauran. Rile mafi kusa da matsala shi ke fara aiki. Na bayansa yakan ɗan jira, kada gari duka ya shiga duhu saboda layi ɗaya.

Amma rile ma yakan ruɗe. Ranar 14 ga Agusta 2003, a jihar Ohayo ta Amurka, wasu layuka suka taɓa itatuwa, aka cire su. Nauyi ya koma kan sauran, rile ya zaci lalacewa ce, ya yi ta yanke su. Mutum kimanin miliyan 50 a Amurka da Kanada suka rasa wuta.