Tsatsar da ke cin jiki a ɓoye: gujiya mai funfuna da kansar hanta

Jama'ar Guci da kewaye, da ƴan uwanmu da ke ci-rani a Kano, Agadas da Libiya, kaka ta yi, gujiya ta fara shiga rumbu. Kafin a rufe, ga wata magana da ta shafi hantar kowa.

Duk mun san yadda hauya ke tsatsa in an bar ta a damina. Iskar oksijin da muke shaƙa ce ke cin ƙarfen. A cikin jiki ma, da wannan iska ake ƙone abinci don mu samu ƙarfi, kuma kamar murhu, ƙonewar tana fitar da tartsatsi. Tartsatsin nan wasu ƙananan sinadarai ne marasa natsuwa, masu lahanta duk abin da suka taɓa. Jiki yana da masu kashe su, yana kuma samun taimako daga abinci. Matsala tana farawa ne in tartsatsi ya fi ƙarfin masu kashewa.

To ina haɗinsa da kansa? Kowace ƙwayar halittar jiki tana ɗauke da rubutaccen umarni, wanda likitoci ke kira ADN ko DNA. Shi ke gaya mata yaushe za ta hayayyafa, yaushe za ta tsaya. Tartsatsi yana ɓata rubutun, jiki yana gyarawa. Amma in ɓarnar ta yi shekaru tana maimaituwa, wata rana gyaran zai kuskure, ƙwayar ta yi ta hayayyafa ba birki. Ciwon daji ke nan.

A ƙasar Magarya da Dungas, abu biyu ne ya kamata mu fi tsoro. Na farko gubar aflatoksin, wadda funfuna ke zubawa a gujiya da masara in an adana su da danshi. An gano ta ne bayan ta kashe talo-talo kusan 100,000 a Ingila a 1960, kuma cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Lyon a Faransa ta sa ta cikin abubuwan da tabbas ke jawo kansa. A hanta, gubar tana manne wa ADN, tana kuma ƙara tartsatsi. Na biyu ciwon hanta nau'in B, mai sa hanta kumburi shekara da shekaru, kumburin kuma yana ta haifar da tartsatsi. In biyun suka haɗu a mutum ɗaya, haɗarin yakan ninka sau da yawa.

Me za mu yi? A shanya gujiya ta bushe ƙayau a kan tabarma ko leda, ba a ƙasa ba. A tsince baƙa, da mai ɗaci, da wadda ta yanƙwane, a zubar. Suya ba ta kawar da gubar, don haka kar a ce a yi ƙuli-ƙuli da ita. In an ba dabba kuma, tana iya fitowa a nono. A kai jarirai rigakafin sati 6, 10 da 14, domin akwai na ciwon hanta a ciki. Manya su yi gwajin jini. A rage hayaƙin ɗakin girki, a bar taba.

Zogale, yakuwa, tumatir da mangwaro suna taimakon masu kashe tartsatsi, amma ba maganin kansa ba ne. Ku da ke aiko da kuɗi gida, gara ku biya gwaji da ku sayi ƙwayoyin bitamin. Wanda idonsa ya yi ɗorawa, ko cikinsa ya kumbura yana rama, a kai shi likita da wuri. Akwai babban asibitin Damagaram, akwai cibiyar yaƙi da kansa a Yamai.

Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka a abin da muka noma.