Ƙwallon Yara: Kukan Iyaye Kan Alƙali Da Fili

Idan yaran Boɗinga suka kara da na Shagari a gasar ƙwallon ƙafa, kukan iyaye yakan tsaya bisa abu biyu. Na fari, alƙalin wasa ɗan garin masu masauki, wanda ko ya yi adalci baƙi ba sa yarda. Na biyu, fili mai ramuka da ƙaya, alhali yara da yawa ba su da takalmi. A dokar wasa hukuncin alƙali shi ne na ƙarshe, saboda haka ya kamata hakimi ya sa a ɗauko shi daga wani gari, kamar Yabo. Lalle a share fili, a cike ramuka, a ja layi da toka tun kafin ranar. Malamin hakimi kuwa ya rubuta shekarun yara, domin kada gardama ta zama gaba tsakanin garuruwa.