Fata Ko Lantarki: Kimiyyar Da Ke Cikin Ganga

Da zarar an kammala girbin gero da dawa a ƙasar Gaya da Ajingi, sai lokacin bukukuwa ya kama. A gari irin Toranke, daga kaka zuwa ƙarshen hunturu, amon kiɗa ba baƙo ba ne ga kunnen kowa. Abin da ya sauya shi ne inda amon yake fitowa. A da, mutum huɗu ko biyar ake gani rataye da kalangu da ganga, ga mawaƙi, ga 'yan amshi. A yau sau da yawa saurayi ɗaya ne a bayan fiyano, da manyan lasifikoki biyu, janareta kuma yana ruri a gefe.

Wannan sauyi ya bar ƙananan ƙungiyoyin makaɗa cikin tsaka mai wuya. Su riƙe gangar fata da suka gada, ko kuwa su tara kuɗi su sayi na'ura? Magana ce ta abinci, domin na'ura ɗaya tana iya ɗauke aikin makaɗa uku. Amma kafin a yanke hukunci, ya kyautu a san abin da kowanne daga cikin kayan biyu yake iyawa.

Abin Da Ke Cikin Fata

Fatar da ake ɗaura wa ganga ba a jeme ta da bagaruwa irin ta takalmi ba. Cire gashi ake yi, a kankare, a shanya. Abin da ya rage shi ne sashen tsakiya na fatar dabba, wanda kusan dukkansa wani furotin ne mai suna kolajin. Kolajin zare-zare ne, kowanne an tufka shi daga silili uku kamar igiya, sa'annan zaren suka sarƙu da juna ta kowace fuska kamar saƙar tabarma. Wannan saƙa ita ke ba fata damar miƙewa idan an ja ta, ta kuma koma yadda take idan an sake ta. Fatar akuya tana da sirantaka da ƙarfi a lokaci guda, shi ya sa ta dace da ƙananan ganguna, alhali tambarin sarki mai faɗin baki sai fatar sa.

Sai dai kolajin yana da ƙishirwa. Yakan zuƙi danshin da ke cikin iska, zaren su kumbura, fatar ta saki. A watan Agusta, lokacin da iska ke cike da laima, ganga kan yi amo mai nauyi kamar an toshe mata baki. A hunturu kuwa, sa'ad da danshin iska a ƙasar Kano kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, fatar kan ɗame ta yi zaƙi, wani lokaci har ta tsage. Makaɗin da ya kara gangarsa kusa da wuta ko ya shanya ta a rana kafin wasa, ruwan da ke tsakanin zaren kolajin yake kora, ko da bai taɓa jin sunan ba. Makaɗan Turai da Amurka sun sha fama da wannan matsala har zuwa shekarar 1957, lokacin da kamfanin Remo ya fito da marfin ganga na roba wanda bai damu da damina ba.

Yadda Kalangu Ke Magana

Sauti girgiza ce. Idan gula ta sauka a kan fata, fatar takan yi ta kai da komowa sau ɗaruruwa a sakan ɗaya, ta tura iskar da ke kewaye da ita. Gwargwadon yawan girgizar, gwargwadon sirantakar muryar. Ɗamewar fata kuwa ita ke ƙara yawan girgiza, kuma akwai ƙa'idar lissafi a kai: kafin a ninka yawan girgizar sau biyu, sai an ninka ƙarfin jan fatar sau huɗu.

A nan ne hikimar kalangu take. Kangonsa siriri ne a tsakiya, tsarkiyoyi kuma sun haɗa fatar wannan baki da ta wancan. Idan makaɗi ya matse tsarkiya a hammatarsa, fata ta ɗame, murya ta hau. Idan ya sassauta, ta sauka. Yana ma iya matsewa bayan gula ta riga ta sauka, sai amon ya lanƙwasa yana cikin tafiya. Hausa kuwa harshe ne mai karin sauti. Kalmar kuka ta zubar da hawaye da kuka ta miya baƙaƙensu ɗaya ne, hawa da saukar murya ne kawai ya raba su. Saboda haka kalangu yana iya bin karin jimla gaɓa bayan gaɓa, har mahauci ya ji takensa daga nesa ya san da shi ake. Duk wanda ya saurari faifan Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, zai ji yadda kalangai ke amsa masa magana kamar mutane.

Gangar Da Ba Ta Da Fata

Gangar lantarki iri biyu ce. Akwai wadda ake kaɗawa da sanda a kan faifan roba ko raga. A ƙarƙashin faifan akwai ɗan ƙaramin abu mai haifar da lantarki idan an matse shi, dabi'ar da 'yan'uwa biyu Faransawa, Pierre da Jacques Curie, suka gano a jikin wasu duwatsu a 1880. Lantarkin yakan sanar da wata 'yar kwamfuta cewa an buga, da kuma ƙarfin bugun, ita kuma ta saki sautin da aka adana mata. Iri na biyu ba ya bukatar makaɗi sam: na'ura ce da ake tsara wa kiɗa ta yi ta maimaitawa, kamar TR-808 da kamfanin Roland na Japan ya fitar a 1980. Irin wannan ce aka cusa a cikin fiyano, kuma ta wannan ƙofa ta shigo ƙasar Hausa. A shekarun 1990 fiyano samfurin Yamaha ya zama ginshiƙin kiɗan finafinan Kano, fim ɗin Sangaya na 1999 kuma yana cikin waɗanda suka kai wannan amo lungu-lungu. Daga majigi ya gangaro gidan biki.

Alfanunta a fili yake. Ba ta san damina ko hunturu ba, ba ta gajiya, ba ta yin gaba ko baya a awon kiɗa, kuma ana ɗora ta a bayan babur. Amma abin da take saki hoton sauti ne da aka ɗauka sau ɗaya aka ajiye. Gaskiya ne wasu na'urorin suna da ɗan maɓallin lanƙwasa murya, sai dai yatsa a kan maɓalli bai kai hammata da gula da tafin hannu suna aiki tare ba. Na'urar da aka tsara ba ta ganin attajirin da ya shigo fili balle ta juya zuwa takensa, alhali daga irin wannan juyi ne makaɗi yake samun kyautarsa. Ga kuma batun wuta. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, man janareta ya zama babban kaso a cikin kuɗin wasa, kuma in injin ya mutu ana tsakar rawa, shi ke nan fili ya yi tsit. Ƙurar hunturu ma, wadda ba ta hana kalangu komai, abokiyar gabar maɓallai ce.

Hukuncin da ya fi kusa da gaskiya shi ne, na'ura tana iya maye gurbin gangar da aikinta riƙe awo ne kawai, amma ba ta kai ga maye gurbin kalangun da ke magana ba. Ƙungiyar da ke da ɗan jari za ta fi cin riba in ta sayi makirfo mai kyau ta kara wa kalangunta, ta bar fiyano a baya yana riƙe awo.

Ganga Ta Uku

Akwai wata fatar da ba a cika tunawa da ita ba a wannan muhawara, watau dodon kunne. Shi ma tantani ne a ɗame, mai girgiza idan sauti ya same shi. Ƙananan ƙasusuwa uku ke miƙa girgizar zuwa wani bututu mai siffar katantanwa, inda ƙwayoyin halitta masu gashi, kimanin 15,000 a kowane kunne, ke mayar da ita saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana kashe waɗannan ƙwayoyi. Abin mamaki, kaza tana iya sake tsiro da nata, amma ɗan Adam in ya rasa su ya rasa ke nan.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Kunne yana jure desibel 85 na tsawon awa takwas, amma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi, ta yadda a desibel 100 minti 15 kacal ya rage. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada matsakaicin ƙara a wuraren kiɗa ya wuce desibel 100. Gangar fata ma tana iya cutar da kunnen mai kaɗa ta, amma ƙarfinta yana da iyaka, iyakar damtsen mutum. Lasifika kuwa sai inda aka murɗa ta, kuma yara ƙanana ne suka fi son tsayawa a bakinta. A fili buɗaɗɗe, duk lokacin da mutum ya ninka nisansa daga lasifika, ƙarar tana raguwa da kimanin desibel 6. Wanda ya koma gida kunnensa yana ƙugi bayan biki, ƙwayoyin nan ne suka jigata.

Malamin kimiyya yana iya nuna yawancin wannan bayani a aji ba tare da kashe kuɗi ba. A aro kalangu, a zuba 'yan ƙwayoyin gero a kan fatar, a buga a hankali, ɗalibai su ga yadda suke tsalle. Sa'annan a shafa wa fatar ƙaramar ganga jiƙaƙƙen tsumma, a buga a saurara, a shanya ta a rana na rabin awa, a sake bugawa, kowane ɗalibi ya rubuta bambancin da ya ji.